Mai saye yana nesa: ta yaya zan karɓi kuɗin motata ba tare da an damfare ni ba?

Mai Mota:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar motoci. Na tallata motata a intanet, wani ya nuna yana so, amma yana gari mai nisa kuma ya ce aiki ba zai bar shi ya zo da kansa ba. Ya amince da farashin da na faɗa ba tare da tayi ba, ya ce zai turo kuɗin sannan ya aiko direba ya ɗauke ta. Wace hanyar biya ce ta fi aminci, kuma a wane lokaci ya dace in miƙa makulli da takardu?

Tsohon Dillali:
Wa alaikumus salam. Malam, abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne rashin tayin nan. Wanda yake son mota ta hannu da gaske yakan yi ta tambaya har ya gundure ka: nisan da ta yi, ko an taɓa sauke injinta, ko ta taɓa yin haɗari, ko tana shan baƙin mai, har ya nemi ka ɗauki bidiyon yadda take tashi da safe. Wanda ya yarda da cinikin biri a sama, bai gani ba kuma bai aiko wanda zai gani ba, sau da yawa ba motar ce a gabansa ba. Ka ce masa ya nemi bakanike a garinku ya duba ta a kuɗinsa, kuma ku yi magana ta bidiyo yana riƙe da katin shaidarsa. Idan ya fara kawo uzurin cewa yana inda waya ba ta shiga, ka san inda aka dosa.

Ma'aikaciyar Banki:
Gaskiyar Alhaji ce, amma bari in tsaya a kan kuɗin, domin nan ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Saƙon alat da ya shigo wayarka ba hujja ba ne, saboda ana iya aiko da saƙo da sunan banki ya zauna a jerin saƙonninsa na gaskiya. Hoton rasit ma ba hujja ba ne, haka nan takardar MT103, wato shaidar turin kuɗi tsakanin bankuna, da ake turowa idan kuɗin daga wata ƙasa suke, domin duk ana iya shirya su a kwamfuta. Ka buɗe manhajar bankinka da hannunka, ko ka je reshe ka karɓi bayanin asusu, ka ga kuɗin a cikin abin da za ka iya cira.

Cek ya fi duka haɗari, har da wanda aka ce banki ne ya rubuta shi. A wurare da yawa banki yakan nuna maka kuɗin cek a asusunka kafin bankin da ya fito daga gare shi ya tabbatar da ingancinsa, kuma idan daga baya aka gano jabu ne, za a cire kuɗin daga asusunka ko da motar ta riga ta tafi. Idan dole sai cek, ka sa bankinka ya tuntuɓi wancan bankin, kada ka kira lambar wayar da aka buga a jikin cek ɗin, domin mai jabun ne ya buga ta.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Kuɗi na gaske suna iya shiga asusunka amma su zama ba na mai sayen ba ne, wato an sato su daga asusun wani, ko kuma an yaudari wani ya turo maka yana zaton wani abu yake saya. Ranar da mai kuɗin ya kai ƙara, asusunka za a rufe, kai za a fara tuhuma. Saboda haka sunan da ke kan asusun da ya turo kuɗin ya zama shi ne sunan da ke kan katin shaida, kuma shi ne za a rubuta a takardar ciniki. Idan aka ce maka ɗan'uwansa ko kamfaninsa ne zai biya, ka dakata.

Bakanike:
Hajiya, ban ƙi maganarki ba, sai dai a yi wa mai saye adalci. Shi ma tsoro yake ji, domin ana damfarar masu saye da hotunan motocin da babu su. Idan mai mota ya ce sai an biya duka kafin ta motsa, mai saye kuma ya ce sai ya ga mota kafin ya biya, ciniki ya tsaya ke nan. A ganina mafita ita ce kamfanin riƙon amana, wanda yake karɓar kuɗin ya ajiye, ya sanar da mai mota ya aika da ita, sannan ya sakar masa kuɗin bayan mai saye ya duba ya amince cikin kwanakin da aka yanka.

Masanin Kwamfuta:
Shawarar Malam Bakanike tana da kyau matuƙar mai mota ne ya zaɓi kamfanin. Akwai na gaskiya, kamar Escrow.com, amma 'yan damfara suna ƙirƙirar shafuka masu kama da su har tambari da launi, su turo maka saƙon imel cewa kuɗi sun shiga. Ka rubuta adireshin shafin da kanka, ka buɗe asusunka a can, ka ga cinikin a ciki, kuma ka tabbatar kamfanin yana da lasisi kuma yana aiki da ƙasarku. Kada ka bi mahaɗin da mai saye ya turo maka.

Ba na ba da shawarar PayPal, wato kamfanin biyan kuɗi ta intanet, ko katin banki a cinikin mota. A PayPal mai saye yana da kwana 180 da zai iya shigar da ƙorafi, a katin banki ma ana iya janye biya bayan watanni. Sannan akwai saƙon bogi da ke cewa PayPal ya riƙe kuɗinka sai ka biya kuɗin jigila kafin a sake su. Wasu dabaru biyu kuma ba su ma kai ga batun biya: a ce maka an turo wasu lambobi wayarka ka karanto su don a tabbatar kai ne mai motar, alhali da su za a ƙwace maka asusu, ko a nace sai ka sayi rahoton tarihin motar daga wani shafi na musamman, inda za a kwashe bayanan katinka. Mai son rahoto ka ba shi lambar shasi, wadda a yawancin motoci take da haruffa da lambobi 17, ya saya da kansa.

Mai Mota:
Na gode ƙwarai. Yanzu ya rubuto cewa zai ƙara kuɗin jigila a kan farashin, idan sun shiga in tura wa wakilin da zai ɗauki motar. Wannan fa?

Ma'aikaciyar Banki:
Malam, kada ka tura ko sisi. Wannan ita ce damfarar ƙarin kuɗi, kuma wakilin da mai sayen mutum ɗaya ne ko abokan aiki. Abin da zai shigo maka cek ne na jabu ko kuɗin sata da za a janye, abin da za ka fitar kuwa kuɗinka ne na gaske, kuma yawanci sukan nemi a tura ta kamfanonin aika kuɗi irin su Western Union ko MoneyGram, ko katin kyauta na sayayya, ko kuɗin kirifto, domin da zarar an karɓa da wuya su dawo. Irin waɗannan ba sa ma zuwa ɗaukar motar. Mai saye shi ne yake biyan mai jigila kai tsaye. Idan kuɗin da suka shigo sun haura farashi, kada ka mayar da ragowar da hannunka, ka sanar da bankinka a rubuce su bi hanyar da suka zo.

Mai Jigilar Motoci:
Ko da wannan cinikin ya rushe, ga abin da zai amfane ka a na gaba. Kafin ranar ɗauka, mai saye ya rubuto maka sunan kamfanin da na direban da lambar motar da za ta zo, kai kuma ka kira kamfanin ta lambar da ka samo da kanka. Idan direba ya iso, ku zagaye motar tare, a rubuta duk wata lotsawa ko ƙarzuwa da abin da mitar tafiya ta nuna, ku sa hannu, ka riƙe kwafi, ka ɗauki hotuna. Ba don komai ba sai don mai saye yana iya cewa ta iso da lahani ya nemi ragi. Kada ka yarda da direban da ya zo da dare ko ranar da banki ba ya aiki yana gaggawa, domin an zaɓi lokacin ne don kada ka samu wanda za ka tambaya.

Tsohon Dillali:
Duk da haka, ni har yanzu na fi natsuwa da tsohuwar hanya: mai saye ko wakilinsa ya zo, ku haɗu a cikin banki da rana, a yi turin kuɗin a gabanka ko a ƙirga tsabar a kan kanta, ma'aikaci ya tabbatar sun zauna a asusunka, sannan ka miƙa makulli. Kuɗin tafiyar da zai kashe ya zo bai kai abin da zai rasa ba idan ya sayi matacciya. Idan yana so ka ajiye masa ita, ya ba da kafin alƙalami, a rubuta ranar da zai cika da abin da zai faru idan bai cika ba.

Takardun mallaka na asali kada su bar hannunka kafin cikon kuɗi, kuma idan ya nemi hotonsu ka rufe adireshinka da sa hannunka. Takardar ciniki ta ɗauki sunayenku, lambar shasi, farashi, rana da sa'ar miƙawa, da bayanin cewa an sayar da ita a yadda take. Bayan ta tafi ka sanar da hukumar rajistar motoci da kamfanin inshora a ranar, inda kuma doka ta ce lambar mota ta mai ita ce, ka cire ta, domin muddin sunanka yana kan rajista, tara ko haɗarin da aka yi da ita kai za a nema.