Ina neman sababbin littattafai don ɗakin karatun matasan unguwarmu

Malamin Hausa daga Funtuwa:
Assalamu alaikum jama'a. Wani dattijo a unguwarmu ya ba ƙungiyar matasa aron shagonsa, mun kafa kanta, mun shimfiɗa tabarmi, muna son ya zama ɗakin karatu. Littattafan addini mun samu sadaka da yawa, alhamdulillahi, na soyayya kuwa 'yan mata sun kawo kwali guda. Inda muka maƙale shi ne harshe, wasanni, lafiya da zamantakewa. Yawancin yaran 'yan ƙwallo ne, wasu ba sa fashin gidan dambe, ga matan aure da ke aiko ƙannensu tambayar ko akwai littafi a kan sikila da goyon ciki. Kuɗinmu na karo-karo ne, ba yawa. Don Allah wanda ya san sababbi, musamman da Hausa, ya taimaka mana.

Ɗalibar Nazarin Harshe:
Wa alaikumus salam Malam, Allah Ya saka da alheri. Ta fannin harshe ku fara da ƙamus. Akwai Ƙamusun Hausa na Yau da Kullum na Paul Newman da Roxana Ma Newman, wanda maɗaba'ar Jami'ar Bayero ta buga a 2020, Hausa zuwa Turanci da Turanci zuwa Hausa. 'Yan sakandare za su more shi sosai. Ku haɗa da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, shi kuwa Hausa zuwa Hausa ne tsantsa. Na Bargery na 1934 yana intanet, a waya ma ana buɗe shi. Newman ya kuma fitar da littafin tarihin harshen Hausa a Kambirij a 2022, amma da Turanci ne, na masana ne, ga tsada. Ni dai ba zan ce ku sa kuɗin karo-karo a kansa yanzu ba.

Inna Ungozoma:
Malam, maganar lafiya ce ta sa na tsaya. Na daɗe a ɗakin haihuwa, kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya: littattafan da aka rubuta a kan lafiyarmu, da Turanci aka yi su, don wasu can su karanta. Elisha Renne ta zauna a Zariya ta yi littafi a kan rikicin rigakafin shan inna, ya fito a 2010, ta bi diddigin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin a wasu jihohin Arewa a 2003. Lewis Wall ya yi na yoyon fitsari a 2018. Masu kyau ne, amma matar da ta kwana biyu tana naƙuda a ƙauye ba ta san da su ba, mijinta ma haka.

Shawarata, ku je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ku roƙi takardun wayar da kai na Hausa, ku liƙa a bango. Sannan ku gayyaci ma'aikaciyar jinya wata rana ta zauna da matan. Batun sikila kaɗai ya isa zama guda. Har gobe ina haɗuwa da uwar da za ta ce mini, ai an ce ɗaya cikin huɗu ne, na fari ya fito da ita, sauran ukun sun tsira. Ba haka ba ne. In uwa da uba duk rukunin jininsu na gado AS ne, kowane ciki da nasa lissafin, ana iya jera biyu ko uku masu SS, wato masu sikila. Ranar da na yi wa wata wannan bayani da ƙwayar wake huɗu a tafin hannu, kuka ta fashe da shi, ta ce da an gaya mata tun kafin a kai sadaki. In kuka sa wani ya rubuta abin da ma'aikaciyar ta faɗa, kuka buga shafi goma, wallahi zai fi amfanar unguwarku.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku 'yan'uwa. Wasanni kam sai haƙuri. Nan Nijar tun 1975 aka fara gasar kokowa ta takobi a Tawa, ƙasa duka tsayawa take in ana yi, amma abin da na gani an rubuta a kai da Faransanci ne. Tarihin dambe kuwa a bakin makaɗa yake. Wanda ke son sanin shahararren ɗan damben nan Shago, waƙar Ɗan Anace zai saurara. Edward Powe ya yi littafi a kan wasannin faɗa na Arewacin Najeriya a 1994, shi ma da Turanci, kuma ya tsufa. Malam, tun da yaranka na zuwa gidan dambe, ka tura su wajen tsofaffin 'yan dambe da mahauta da waya, su ɗauko kirari da labarin ɓangarorin dambe na Kudu da Arewa da Guramaɗa, su rubuta. Tsofaffin nan tafiya suke.

Malamin Hausa daga Funtuwa:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Ƙamus biyun za mu aika Kano a sayo. Inna, mun tsayar da Asabar bayan la'asar don zaman mata, za mu fitar da maza daga shagon don matan su saki jiki. Saura zamantakewa, ba wanda ya taɓo ta. Akwai wanda ya san sabon littafin Hausa a kan shaye-shaye ko mutuwar aure da zai dace da 'yan shekara sha biyar zuwa ashirin?