Tsohuwar mota mai jan ƙafa huɗu: wacce za ta iya da ƙanƙara da daji?

A wata tattaunawa kan wace tsohuwar mota mai jan ƙafa huɗu (wadda injinta ke juya duka tayoyi huɗu) ya kamata a saya, mota ɗaya ake nema, ta kai mutum aiki cikin hunturu, ranar hutu kuma ta shiga daji. Kusan baki ya zo ɗaya cewa a fara leƙa ƙarƙashinta kafin a saurari injin. Gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara yana cin ƙarfe. A ƙwanƙwasa shasi, wato ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar, da guduma, in tsatsa ta zubo ɓawo-ɓawo, a haƙura.

An fi ja-in-ja kan tsarin jan ƙafa huɗu. Na sa-da-cirewa, wato wanda direba ke kunnawa yana kashewa, ba a barin sa a kunne kan busasshiyar kwalta, domin yana takura giya a kwana, titin hunturu kuwa nan santsi ne, can a bushe. Shi ya sa da yawa suka karkata ga Land Cruiser 80 mai jan huɗu kullum, duk da shan mai da take yi. Masu ƙaramin ƙarfi suka zaɓi Jeep Cherokee XJ, saboda ƙarkon injinta mai lita 4.0.

Ni kam taya ce damuwata. Tayar laka ba ta kama ƙanƙara, kuma jan huɗu ba ya ƙara birki. A sa tayar hunturu, a kuma gwada hita.