Dan Allah a taimaka, gwajin PPAR-gamma ya ƙi tafiya

Salam 'yan uwa masu aikin lab, wallahi sati uku kenan na maƙale. Ina gwada ruwan ganyen shuwaka da na zogale ne in ga ko akwai sinadarin da zai kunna PPAR-gamma, wani furotin na cikin sel wanda ta kansa maganin suga irin pioglitazone ke aiki. Sel ɗin HEK293 (sel na ɗan Adam da ake rainonsu a lab) nake amfani da su da lusifares (furotin mai samar da haske), in abu ya kunna PPAR-gamma ɗin sai haske ya tashi a na'ura.

Rosiglitazone, wani maganin suga da aka san yana kunna PPAR-gamma, yana ba ni haske sosai, amma da na zuba na shuwaka sai hasken ya faɗi ƙasa da ramin farantin gwaji da ba komai sai DMSO (ruwan narkar da sinadarai), alhali na rage DMSO ɗin har 0.1%. Na leƙa a madubin ƙara girma (microscope), wasu sel sun dunƙule sun saki gindin faranti, wasu ramukan kuma lafiyarsu ƙalau amma haske babu.

Ruwan shuwakar kashe sel ɗin yake yi ne, ko lusifares ɗin yake dannewa kamar yadda resveratrol (sinadarin da ke cikin inabi) ke yi? In fara rarraba ruwan kashi-kashi kafin in sake? Sinadarin hasken na faranti biyu kawai ya rage min, bana so in ɓarnatar.