Firakshin mai x a sama da ƙasa: yadda muke koyar da shi a ajin SS2

Malamin lissafi, Kafin Hausa: Assalamu alaikum, malamai. A wannan zangon na iso darasin da littattafanmu na WAEC da NECO suke kira aljebrayik firakshin, wanda kuma littattafan lissafi mai zurfi suke kira rashinal, kuma na lura cewa yara suna iya haddace misalai amma ba sa iya faɗin abin da ya sa wani rubutu ya shiga wannan aji, wani kuma bai shiga ba. Ina roƙon duk wanda ya taɓa koyar da shi ya gaya mana abin da ya gani a ajinsa da yadda ya ɓullo wa lamarin.

Malama mai koyar da lissafi, Ringim: Wa'alaikumus salam, Malam. Ni da ma'anar nake farawa, domin sai ta zauna sannan sauran aiki yake tafiya. Firakshin ne wanda na samansa folinomiyal ne, na ƙasansa ma folinomiyal ne, da sharaɗin kada na ƙasa ya zama sifili. Folinomiyal kuwa shi ne jimlar da fawar x ɗinta (ƙaramar lambar da ake rubutawa a saman x, kamar 2 a x²) take cikakkiyar lamba, wato 0, 1, 2, 3 zuwa sama. Sai na jera musu huɗu a allo: 5/x, da (x + 1)/(x² − 4), da √x/(x + 1), da (√2·x)/(x + 1), na ce kowa ya zaɓi wanda bai cancanta ba. Yawancinsu suka fitar da na uku da na huɗu tare saboda sun ga alamar sukwaya rut a kansu duka, alhali na uku ne kaɗai ya fita, tunda x ce take ƙarƙashin alamar, fawarta ta zama rabi. Na huɗu kuwa daidai yake, domin √2 lamba ce kawai da aka ninka x da ita. Abin da ya ruɗe su shi ne sun koyi cewa √2 ba lambar rashinal ba ce, sai suka ɗauka hukuncin ɗaya ne, alhali sunan a nan yana nufin an raba folinomiyal da folinomiyal ne kawai.

Malamin lissafi, Kura: Malama ta faɗi gaskiya, amma a ganina sharaɗin sifilin nan shi ne inda ake yin asarar maki, kuma shi ne ya fi cancantar a ɓata masa lokaci. Idan aka ba yaro (x² − 9)/(x − 3), zai fasa na sama zuwa (x − 3)(x + 3), ya soke, ya rubuta x + 3, ya ajiye biro. Sai in ce masa ya sanya 3 a wurin x a cikin tambayar asali, ya ga sifili a sama da sifili a ƙasa, ya kuma sanya 3 a amsarsa ya sami 6. Daga nan yake gane cewa rubutun biyu sun yi daidai a ko'ina ban da wuri ɗaya, saboda haka amsar ba ta cika ba sai an ƙara da cewa x ba 3 ba ce. Akwai wata tambaya da nake ba su duk shekara: x/(x − 2) = 2/(x − 2) + 3. Idan aka ninka ko'ina da x − 2 za a sami x = 2 + 3x − 6, wanda ya ba da x = 2, kuma ajin kan amsa da murya ɗaya cewa an gama. Amma 2 ɗin nan ita ce lambar da aka haramta tun farko, don haka tambayar ba ta da amsa sam. Yaran da suka fi sauri su ne suka fi faɗawa wannan rami, shi ya sa na wajabta musu rubuta lambar da aka haramta a gefen takarda kafin su taɓa komai.

Malamin Islamiyya mai koyar da lissafi da safe, Gumel: Allah ya gafarta malamai, ni matsalar da na fi gani ita ce wajen tarawa, inda yaro zai ce 1/x + 1/(x + 3) ya zama 2/(2x + 3), ya tara sama da sama, ƙasa da ƙasa. Da yake yawancin ɗalibaina sun taɓa jin darasin gado, sai na tambaye su rabon matar mamaci da mahaifiyarsa idan ya bar ɗa. Suka ce tumuni da sudusi, wato 1/8 da 1/6. Na ce to a tara, sai wanda ya yi karatun ya ce asalin mas'alar 24 ne, mata tana da 3, uwa tana da 4, jimla 7 cikin 24, babu kuma wanda ya ce 2 cikin 14. Neman asalin mas'ala shi ne neman na ƙasa na bai-ɗaya, kuma a nan asalin shi ne x(x + 3), amsar ta zama (2x + 3)/(x² + 3x). Na kan ƙara musu da cewa littafin Alkawarizmi na Bagadaza, wanda aka rubuta wajen shekara ta 820 kuma daga sunan littafin aka samo kalmar aljebra, babban sashensa a kan lissafin wasiyya da gado yake.

Malamin lissafi, Kura: Malam, wannan jimlar taka ita ce nake amfani da ita a tambayar injin ban-ruwa, tunda iyayen yaranmu manoman shinkafa ne a Kadawa. Inji ɗaya yana shayar da fili a awa x, ɗayan yana bukatar ƙarin awa 3, idan aka kunna su tare suna gamawa a awa 2. Lissafin yana kaiwa ga x² − x − 6 = 0, wato x = 3 ko x = −2, kuma babu yaron da yake bukatar a gaya masa cewa inji ba ya aiki na awa −2.

Malama mai koyar da lissafi mai zurfi, Birnin Kudu: Ina roƙon masu riƙe da SS2 su tsaya a kan bambancin fakta, wato abin da aka ninka, da abin da aka tara, domin yaran da suke zuwa wurina har yanzu suna soke 2 a cikin (x + 2)/2 su rubuta x. Sanya 4 a wurin x yana nuna musu 3 a gefe guda da 4 a ɗaya gefen. Idan wannan bai zauna ba, ba za su iya tsinka (5x + 1)/(x² − 1) zuwa 3/(x − 1) + 2/(x + 1) ba, kuma kafin wannan ma sai sun duba ko fawar sama ta gaza ta ƙasa, in ba ta gaza ba su fara yin doguwar rabawa.

Malamin lissafi, Kafin Hausa: Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan fara da misalai huɗun Malamar Ringim ranar Litinin, sannan in ƙara x + 3 a matsayin na biyar, in ga ko za su gane cewa shi ma yana cikin ajin tunda na ƙasansa 1 ne.