Sakandaren kowa-da-kowa a Ingila: yaya zaman yake, yaya karatun yake?

Maman Ilham, Leeds

Assalamu alaikum iyaye da malamai. 'Yata tana aji 6 na firamare, kuma kafin 31 ga Oktoba dole mu miƙa wa kansul sunayen makarantun da muke so. Duk na kusa da mu irin sakandaren nan ne da ke ɗaukar kowa ba jarrabawar shiga, wato kwamfirihensif. Wasu na cewa ba karatu a ciki sai hayaniya, wasu na cewa 'ya'yansu daga nan suka wuce likitanci. Don Allah masu aiki a ciki da waɗanda 'ya'yansu suka bi ta nan, ku warware mana.

Malam Sani, malamin lissafi, Birmingham

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Duka ɓangarorin biyu gaskiya suka faɗa, domin gini ɗaya ne amma karatun da ake yi a cikinsa ba ɗaya ba ne. Yaro na shiga da shekara 11 a aji 7, ya rubuta GCSE, babbar jarrabawar ƙasa ta sakandare, a aji 11 yana da 16. A tsakani akwai wurare uku da ake yanke masa hukunci, kuma yawancin iyayenmu ba sa sanin an yanke sai bayan an wuce.

Na farko shi ne rukuni. A lissafi kusan kowace makaranta tana raba yara gwargwadon ƙoƙari, rukuni na 1 har zuwa na 4 ko na 6, ya danganta da yawansu. Kimiyya da Turanci wasu na rabawa, wasu na cakuɗawa har aji 9. Abin da ake dubawa shi ne sakamakon SATs, jarrabawar ƙasa ta ƙarshen firamare da ake yi a watan Mayu a aji 6, wanda makinsa ke tsakanin 80 da 120 kuma 100 ne mizani, sai gwajin da makarantar ke yi da kanta a makonnin farko. Don haka kada ki saurari mai cewa SATs na firamare ne kawai, ba ruwan yaro. Da shi ake fitar da abin da ake sa ran yaro zai ci a aji 11, kuma lambar nan tana binsa shekara biyar.

Na biyu zaɓin darussa a aji 9, zan bar wa wani. Na uku, wanda ya fi ci min rai, shi ne takarda. GCSE yanzu daga 9 ne zuwa 1, 9 ce ƙololuwa, 4 ita ce daidai da tsohuwar C. A lissafi da kimiyya da harsunan waje takarda iri biyu ce. Foundation iyakarta 5, ko yaro ya cinye kowace tambaya. Higher daga 4 take zuwa 9. Rukunonin ƙasa Foundation ake koya musu tun aji 10, wato akwai babi-babi na aljabra da tirigonomitiri da ba za su taɓa gani ba. A watan Fabrairu na aji 11 ake rajista, ana iya sauyawa har cikin Afrilu, amma wanda bai ga darasin ba shekara ɗaya da rabi, sauyin takarda a lokacin ba zai amfane shi ba. Tambayar "wace takarda kuke shirya ɗana a kai?" a ƙarshen aji 9 ake yin ta.

Hajiya Turai, mamba a kwamitin gudanarwar makaranta, Landan

Allah ya saka da alheri Malam. Ni bari in taɓa fom ɗin da ke hannunki, 'yar uwa.

Ki cike duk guraben. A Landan shida ne, wasu garuruwan uku zuwa biyar. Rubuta makaranta ɗaya tak ba ya tilasta wa kowa ya ba ki ita. In ba ta samu ba, kansul zai tura yarinyar inda wuri ya rage, wataƙila motar bas biyu daga gida. Makarantun ba sa ganin wacce kika sa a farko, saboda haka ki jera su yadda zuciyarki take so, amma ki tabbata akwai guda ɗaya a ciki da kika san nisanku zai ba ku.

In masu nema sun fi gurabe, ga yadda aka saba bi: yaran da ke hannun hukuma da waɗanda takardar buƙata ta musamman ta ambaci makarantar, sai masu wa ko ya a ciki, sai kusancin gida. Kansul na wallafa nisan gidan yaro na ƙarshe da aka ɗauka bara, ki duba ki auna naku. Ranar 1 ga Maris sakamako ke fitowa. Ko ba wadda kike so aka ba ki ba, ki karɓa tukuna, sannan ki shiga jerin jira ki ɗaukaka ƙara. Ƙin karɓa ba ya ƙara miki ƙarfi a gaban kwamitin ƙara, barin yarinya kawai yake yi ba makaranta.

Wajen auna karatu kuma, yawan waɗanda suka ci 5 a Turanci da lissafi yakan nuna irin unguwar ne fiye da ƙwazon malamai. Progress 8 ya fi faɗar gaskiya, don yana auna inda yaro ya shigo da inda ya fita: sifili matsakaici ne, +0.5 zuwa sama makaranta ce mai ɗaga yara sosai. Sai dai babu shi ga waɗanda suka rubuta a 2025 da 2026, saboda korona ta hana su SATs a aji 6, don haka na 2023 da 2024 za ki duba. Ofsted ma, hukumar duba makarantu, ta daina yi wa makaranta hukunci da kalma ɗaya tun Satumban 2024, sai an karanta rahoton. Bayan wannan ki nemi a zagaya da ke ranar karatu, ba daren baje koli kaɗai ba. Ki tsaya a baranda lokacin sauya darasi. Minti biyar ɗin nan da yara sama da dubu ke fitowa lokaci guda, in kika ga malamai tsaye bakin ƙofofinsu suna kiran yara da suna, kuma wuri ya yi tsit kafin ƙararrawa ta biyu, kin ga makarantar da aka riƙe.

Baban Khalifa, Kent

Hajiya ta gama magana. Abu ɗaya zan ƙara don masu karantawa daga wasu yankuna. Tun dokar ilimi ta 1944 jarrabawar shekara 11 ce ke raba yara, har gwamnatin Harold Wilson ta nemi ƙananan hukumomi a 1965 su koma tsarin kowa-da-kowa. Ba duka suka bi ba. Har yau akwai makarantun girama, wato masu zaɓen yara da jarrabawar shiga, guda 163 a Ingila, kuma Kent da Buckinghamshire da Lincolnshire da Trafford na cikin wuraren da suke da yawa. A irin yankinmu an riga an kwashe yaran da suka fi ƙoƙari, don haka rukuni na 1 a makarantar da ba ta zaɓe ba daidai yake da rukuni na 1 a Leeds ba, inda masu cin 9 ke zaune a makaranta ɗaya da kowa. Maman Ilham, kada labarin mutanen Kent ya tsorata ki, ba halinku ɗaya ba.

Anti Rabi, mataimakiyar malami, Manchesta

Ni a rukunonin ƙasa nake yini, don can ake tura mu. Hayaniyar da ake faɗa gaskiya ce, amma ba faɗa da jifa da kujera ba ne kullum. Ƙananan abubuwa ne: wannan ba biro, wancan ya juya baya yana hira, wata ta nemi banɗaki sau biyu. Darasin awa ɗaya sai ka ga minti goma sha biyar sun tafi a "ku yi shiru". Sannan ƙasar na fama da ƙarancin malaman lissafi da fiziks, kuma in an rasa, sau da yawa aji 11 da rukunin sama ake fara ba ƙwararru, ƙananan azuzuwa su samu malamin aro da ke zuwa da takardun aiki ya tafi. Ki riƙa buɗe littafin yarinya. In makonni sun shuɗe ba alamar biron malami, ga takardu manne da gam ba a cike ba, ki tambaye ta malamai nawa suka shigo musu a zangon nan.

Horo kuwa ba bulala, an hana ta a makarantun gwamnati tun 1987. Gargaɗi ne, sai maki mara kyau a manhajar waya da iyaye ke gani, sai tsarewa bayan an tashi, wanda doka ta yarda a yi a ranar ba sai da iznin iyaye ba. In abu ya yi tsanani sai ɗakin keɓewa, sai dakatarwa, sai kora. Ku sauke manhajar nan ranar farko. Kuma in an kira ku kan laifin yaro, ku kula da abin da za ku furta. "Bari mu je gida ka gani" a gaban malami na iya zama rahoto a teburin jami'in kare yara kafin ku isa mota.

Masu kawo yara daga gida, a nan da shekarun haihuwa ake ba da aji, daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Agusta, ba a duba JSS ko SS. Yaro mai 15 yana iya faɗawa tsakiyar aji 10 ko aji 11, an riga an cinye rabin manhaja. Ku roƙa a rubuce a mayar da shi baya da aji ɗaya, ba dole ne su yarda ba amma ana samu. Wata matsalar kuma, yaranmu kan yi shiru su sunkuyar da kai don ladabi, malami ya ɗauka ba su gane ba ne, sai a ajiye su rukunin ƙasa alhali a lissafi sun wuce ajin. Ku zo da sakamakon makarantarsu ta gida, ku nemi a yi musu gwaji a makon farko.

Ɗan Zazzau, ɗalibin jami'a

Iyayena ina gaisuwa. Zaɓin aji 9 da Malam ya bari. Turanci biyu (harshe da adabi), lissafi da kimiyya dole ne, sai yaro ya zaɓi uku ko huɗu. Kimiyya iri biyu ce: ta haɗe mai ba da sakamako biyu, da ta rarrabe, wato bayoloji da kemistiri da fiziks kowanne da nasa. A makarantu da yawa rukunin sama kaɗai ake ba ta rarrabe. Mai ta haɗe yana iya yin A-level, wato karatun aji 12 da 13 na share fagen jami'a, a kimiyya, amma zai shiga aji 12 da giɓin da zai cike da kansa. Kuma ku duba sharaɗin shiga aji 12 tun yanzu: yawanci ana neman 6 a darasin da za a ɗauka, lissafi wurare da dama 7. Wanda aka sa a Foundation ƙofar nan ta rufe masa, don 5 ce iyakarsa.

Babu GCSE na Hausa, amma akwai na Larabci da Faransanci. Ƙannenmu da suka taso a Nijar ko masu ƙarfi a Islamiyya su tambayi jami'in jarrabawa ko za a yi musu rajista ko da ba a koyar da harshen a aji.

Zaman addini ya danganta da shugaban makaranta. Hijabi mai launin yunifom kusan ko'ina ba matsala. Abincin halal a unguwannin Musulmi ana samu, wasu wuraren sai na ganye ko kifi. Ɗakin salla ba dole ba ne a doka, a Afrilun 2024 babbar kotu ta goyi bayan makarantar Michaela da ke Landan kan hana salla a harabarta. A hunturu azahar da la'asar duk suna matsewa kusa da lokacin tashi, hutun rana kuma wani wurin bai wuce rabin awa ba, ga layin abinci ga alwala. A tambaya kafin a rubuta sunan makaranta.

Malam Sani, Birmingham

Ɗana, maganarka daidai ce ga mai neman kimiyya, amma kada iyaye su ji su ce kowa sai Higher. Lissafi a hukumomin jarrabawa na AQA da Edexcel takarda uku ce, kowacce minti 90, maki 80, ɗaya ba kalkuleta. Yaron da ke tangal-tangal a 4, in ya buɗe Higher ya ga shafi bayan shafi bai san ko ɗaya ba, jikinsa mutuwa yake yi. In ya zame kaɗan ya samu 3, in ya zame sosai ba sakamako gaba ɗaya. Wanda bai kai 4 a Turanci ko lissafi ba kuwa zai ci gaba da maimaitawa a kwaleji har shekara 18. Ga irin wannan yaron 5 a Foundation ta fi masa alheri.

Hawa rukuni yana yiwuwa, amma sai an saukar da wani, shi ya sa ba a yi da baki. Ki nemi sanin ranar gwajin da ake sake rabo da shi da babin da zai ƙunsa, ki tura wa shugaban sashen lissafi imel, ba fom-masta ba. Aikin gida na intanet irin su Sparx yana nuna wa malami minti nawa yaro ya ɗauka kan kowace tambaya, don haka in yayanta ne ke yi mata, manhajar za ta ƙara mata wuya, gwajin aji kuma ya tona.

Maman Ilham, Leeds

Na gode ƙwarai, Allah ya raya mana zuri'a. Tambaya ta ƙarshe Hajiya: mukan je gida biki ko gaisuwa, tikiti kuma a lokacin hutu tsada. In mun ƙara mako ɗaya ko biyu fa?

Hajiya Turai, Landan

Kada ki fara, 'yar uwa. Tun Agustan 2024 ƙa'idar ɗaya ce a duk Ingila: kwana biyar ba izini cikin mako goma na karatu, sai a duba batun tara. Fam 160 ce, ta koma 80 in an biya cikin kwana 21, kuma kan kowane yaro ne, uwa daban uba daban. Karo na biyu cikin shekara uku ba ragi, na uku ba tara, maganar kotu ce. Shugaban makaranta kaɗai ke ba da izini, arahar tikiti kuma ba ta cikin uzurin da yake karɓa. Rasuwa ta kusa ana iya dubawa, a rubuta kafin a tashi tare da ranar dawowa. Ranar Idi ana ba da ita a matsayin ibada in an sanar tun da wuri, amma ranar kaɗai, ban da yawon salla na kashegari. In tafiyar ta kai kwana 20 na karatu a jere ba izini kuma ba a ji daga gare ku ba, ana iya cire sunan yarinya a ba na jerin jira gurbin.