An ba ni inzar (takardar gargaɗi) saboda wasan taubasantaka, in sa hannu ko in ƙi?

Ɗan Yerwa:
Salamu alaikum jama'a, don Allah masu sanin dokar aiki ku taimaka min kafin Lahadi. Ina aiki a wani sito na kaya a Humra, kudancin Jidda, akwai wani Bafulatanin Yola da muke tare, ni kuma Babarbare, to kun san abin da ke tsakani, kullum in na shigo sai ya ce ga bawana ya iso ni ma in rama. Ranar Talata a guruf ɗin WhatsApp na aiki inda ake turo jadawalin dawam, wato lokutan aiki, ya saka hotonsa yana cin shinkafar bukhari, sai na rubuta masa da Larabci cewa bawa ya riga ubangidansa cin abinci, har da alamar dariya. Guruf ɗin akwai Misirawa da 'yan Bangaladash da 'yan Sudan, wani ɗan Sudan ya ɗauki hoton maganar ya kai ofishin ma'aikata. Jiya mudir, wato manaja, ya miƙo min inzar an rubuta wai wariyar launin fata, ni baƙi shi wanda na yi wa wasan ma ya fi ni haske. Abokin nawa da ƙafarsa ya je ya ce wasa ne, suka ce ba kai ka kawo ƙara ba. Igamata (takardar izinin zama) saura wata biyu, kwantiragi ma lokacin zai ƙare. In sa hannu a wuce wurin, ko in ƙi in kai maktabul amal, wato ofishin ƙwadago? Kuma wai yanzu mutum ba shi da ikon tsokanar taubashinsa sai an sa masa ido?

Baban Walid:
Wa alaikumus salam. Ka yawaita istigfari, kuma ka fita daga duk wani guruf na siyasa, ƙasar nan ba a taɓa gwamnati.

Ɗan Yerwa:
Baba ba siyasa ba ce fa, wasa ne da abokin aiki.

Jikan Ardo:
Hahaha Allah ya kama Babarbare. Ɗan Yerwa ka faɗi gaskiya a inzar ɗin, ka rubuta cewa kai ne bawan, shi kenan magana ta mutu.

Mai Tafsiri na Misfala:
Ni ina ganin abin ya wuce gona da iri, wannan tsoron kalma ai daga Amurka da Ingila aka kwaso shi, can ne mutum zai yi magana ɗaya a kore shi daga aiki. Mu kakanninmu da wannan wasan suka kashe gaba, Kanawa da Zazzagawa, Gobirawa da Yarabawa, Katsinawa da Nufawa, mutum ya zagi ɗan'uwansa a yi dariya a tashi babu riƙo. A Nijar ma hukumar UNESCO ta saka wasan cikin kayan gadon duniya a 2014. Yanzu an wayi gari wanda bai san al'adarka ba shi zai yanke maka abin da za ka faɗa. Kada ka sa hannu, sa hannu amsa laifi ne.

Abu Rayyan:
Malam da girmanka amma wannan ba daidai ba ne. Ƙin sa hannu ba ya soke takardar, za su rubuta ya ƙi karɓa ta shiga fayil ɗinsa a haka. Abin da ake yi shi ne ka rubuta a ƙasa cewa na karɓa amma ban amince da abin da ke ciki ba, ka haɗa da takardar bayani da shaidar abokinka, don dokar aiki ta ce sai an ji ta bakinka kafin hukunci. Abin gudu shi ne su tara maka takardu su kore ka da sashe na 80, ka tashi babu kuɗin sallama. Kuma ka gode Allah a kamfani ta tsaya, da shurɗa ('yan sanda) aka kai, dokar laifukan intanet ta 2007 ɓata suna kaɗai ɗaurin da ya kai shekara ɗaya ne ko tarar da ta kai riyal 500,000.

Mai Tafsiri na Misfala:
Kai da ka zo jiya da bizar kamfani za ka koya min Saudiyya? Tun zamanin Sarki Fahad nake Makka.

Abu Rayyan:
Malam daɗewa daban, aikin kamfani daban, kai ba ka taɓa buɗe Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago, ba.

Ɗan Rusairis:
Ni Bahaushen Sudan ne, kuma wallahi na so in yi shiru amma na kasa. Ɗan Yerwa ban ce kana da mugun nufi ba, amma kalmar da ka rubuta da Larabci mu da ita muka tashi, ba a wasa ba. A makaranta in ka fi yaro ƙoƙari da ita zai rufe maka baki, in ka je neman aure a wasu gidajen da ita za a sallame ka, in ka je yin takardar ɗan ƙasa a ce kawo kakan kakanka alhali kakanninmu tun bayan yaƙin Burmi na 1903 suke bakin kogin nan na Bulu Nayil, garin Mai Wurno shaida ne. A watan Yuli na 2022 da aka yi rikicin jihar Bulu Nayil ina Rusairis, kafin a ƙona shago ko ɗaya sai da aka ɗauki lokaci ana rubutu a Facebook cewa Hausawa baƙi ne ba su da ƙasa su koma inda suka fito, mu ma muna cewa ai magana ce kawai bar su su faɗa. Ranar da abin ya tashi mahaifiyata da takalmi ƙafa ɗaya ta fita, injin markaɗenta da buhunan dawa duk suka tafi, ƙanena har yau ɗingishi yake, muka kwana a makaranta a Damazin kamar ba mu taɓa mallakar ɗaki ba. Wanda ya nuna gidanmu maƙwabci ne da muke shan shayi tare, shi ma da wasa ya fara kiran mu da sunan nan. To in ɗan Sudan ɗin nan ya ga kalmar a guruf cikinsa ya ɗuri ruwa ni ban ga laifinsa ba, mai yiwuwa ɗan Darfur ne ko Dutsen Nuba, su sun fi mu shan ta. Masu cewa an hana su magana, mu da aka bar kowa ya faɗi son ransa a kanmu ga inda ta kai mu.

Maman Hanan:
Innalillahi. Allah ya mayar muku da alheri ɗan'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Yanzu tana ina?

Ɗan Rusairis:
Amin Hajiya. Tana Gadarif wajen yayata, yaƙin 2023 ya sake tayar da su.

Mai Tafsiri na Misfala:
Allah ya kyauta, amma wancan ƙiyayya ce wannan wasa, kada a haɗa.

Ɗan Rusairis:
Malam a rubuce ba a gane bambancin, harafin ɗaya ne.

Direban Kilo 14:
Ku bar dogon zance, ka nemi lauya. Wani abokina riyal 1,500 ya biya aka rubuta masa takarda suka janye.

Baban Walid:
1,500 a ina? Babu lauyan da zai buɗe maka fayil ƙasa da 5,000 a Jidda, ni 7,000 aka ce min a kan rigimar albashi na haƙura.

Jikan Ardo:
Masu rubutu a bakin ofisoshi riyal 50 suke karɓa, Babarbare ba shi da 5,000 ko an sayar da shi.

Abu Rayyan:
Ba ya buƙatar ko sisi. Ƙorafin sulhu a ma'aikatar ƙwadago kyauta ne ta intanet, kwana 21 na aiki in ba a daidaita ba su tura kotun ma'aikata, lambarsu 19911. Sai dai ni ba zan kai kamfani ƙara a kan inzar ɗaya ba igama saura wata biyu, kana iya cin shari'a su kuma su ƙi sabunta kwantiragi, babu wanda zai tilasta su.

Direban Kilo 14:
Kyauta a baki. Fassarar takarda kaɗai 200 na biya.

Ɗan Yerwa:
To ni dai har yanzu ban gane ba, in sa hannu da sharaɗin ko in fara neman ɗan Sudan ɗin mu yi magana? Ɗan Rusairis wallahi jikina ya yi sanyi, amma ni abin da ya ƙona min rai me ya hana ya same ni, kullum tare muke sallar azahar a bayan sito.

Maman Hanan:
Ni dariya ma kuke ba ni ku mazan nan masu kukan an toshe muku baki. Wa ya toshe? Ku shiga kowane guruf ku gani, mace in dai tana Saudiyya sunanta 'yar Kano Jidda ko 'yar takari, ko da mijinta ta zo ko aikin asibiti take. Ni da igamata da komai, na je gida biki wata ta ce a ɓoye sarƙoƙi 'yan Jidda sun iso, da na nuna ɓacin rai aka ce ba ni da wasa. Ku in an taɓa ku al'ada ce, mu in mun yi magana mun cika ƙorafi.

Mai Tafsiri na Misfala:
Hajiya ai wasu matan su suka jawo, je ki titin Mansur a Makka da yamma ki gani.

Maman Hanan:
Ka ji ko. Malam su wa ke karɓar kuɗinsu a Kano su yi musu bizar umara su ce aiki na jiran su? Mata ne ejan ɗin? Yarinyar da ke kwana a ɗakina yanzu gonar ubanta aka sayar aka ba wani, ya ajiye ta a filin jirgi ya kashe waya, in shurɗa suka kama ta Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a mayar gida, za a kai ta shi kuwa yana can ana ce masa Alhaji.

Direban Kilo 14:
Nawa ya karɓa? Don bara miliyan biyu suke cewa, yanzu na ji har huɗu.

Baban Walid:
Huɗu ta wuce tun azumi. Hajiya ejan ɗin na Kano ne ko na Katsina, don akwai wanda ya yi wa 'yar ƙanwata irin wannan kuma har yau muna nemansa.