Wa ya taɓa kai mai buƙata ta musamman wuraren wasanni na ƙasashen waje?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. In Allah ya yarda, hutun ƙarshen shekara za mu kai yara Disneyland ta Faris. Na tsakiyar yana da lalurar galahanga, dogon layi da hayaniya birkita shi suke yi. Don Allah wanda ya taɓa zuwa da irinsa ya faɗa mana yadda ya yi.

Baban Sadiƙ: Wa alaikumus salam, Allah ya raya mana su. Mutanen Faris takarda suke so su gani. Katinsu iri biyu ne. Mu Priority Card muka karɓa wa Sadiƙ, wanda ake bai wa mai shaidar nakasa daga hukuma. Da shi ake shiga ta ƙofar da aka keɓe, mai katin da 'yan rakiya har huɗu. Ta intanet muka cike kafin mu tashi, da muka isa muka nuna ainihin takardar, suka miƙo katin. Ki fara duba jerin takardun da suke karɓa tun kafin ki sayi tikiti.

Hajiya Rabi, Maraɗi: Ɗiyata, bari in ƙara miki da na biyun ko zai amfani wani. Jikata sikila gare ta. Ita Easy Access Card aka ba ta, na masu ciwon da ba ya rabuwa da mutum, cikin guda 30 da hukumar Faransa ta lissafa, kuma ciwon jini irin nata yana ciki. Takardar likita suka nema, da Faransanci ko Turanci, wadda ba ta wuce wata uku ba. Wannan katin lokaci yake ba ka, ka je ka huta ka dawo. Mu abin da ya fi damun mu sanyi ne. Mai sikila kuwa kun san yadda suke da sanyi, rabin yinin a ɗakin cin abinci muka yi shi.

Abba: Anti, idan wata rana Amurka kuka nufa, can abin daban ne. A Disney World ta Florida tsarin sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman jiran layi sunansa DAS, kuma ba a tambayar takardar likita ko kaɗan. Hira ake yi ta bidiyo da ma'aikacinsu, dole yaron yana wurin, su tambayi me ke hana shi tsayuwa a layi. Tun watan Mayun 2024 suka taƙaita shi ga masu lalura irin galahanga da makamantanta. Kuma fa ba tsallake layi ba ne: idan jiran minti 60 ne, kusan hakan za ku jira, sai dai a inuwa ko inda kuka ga dama, waya ta nuna muku lokacin dawowa. Ƙanena muka yi wa daga Kano. A tuna agogonsu yana bayan namu da awa biyar ko shida, gwargwadon lokacin shekara.

Malam Habu: Ni shan inna ta taɓa ni tun ina ƙarami, da keke nake yawo. Ba a ba irina DAS, don yawancin layukan keke na bi. Inda aikin yake shi ne hawa lilon: wasu sai ka sauka daga kekenka, ma'aikata kuma ba sa ɗaga mutum. Ka tafi da mai ƙarfi cikin naka.

Maman Hanif: Mu a wani wurin da ba zan kama suna ba aka mayar mana da takarda, wai rubutun hannu ce, ba hatimin asibiti. Ranar a layin kowa da kowa muka tsaya, yaro na ta kuka, ana ta kallon mu. Ki sa a buga miki ita a kan takardar asibiti mai tambari, da kwanan wata da sa hannu.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baban Sadiƙ, katin yana aiki wurin kallon faretin su?

Baban Sadiƙ: Yana yi, akwai wurin da aka ware, amma 'yan rakiyar da ake bari ba su kai na lilo yawa ba, sai ku raba kanku. Ki tafi masa da abin toshe kunne saboda wasan wutan dare, ƙararsa ba kaɗan ba ce.